Ba Ni Kunne Ɗaya

 Yau na ajiye alƙalamin ƙagaggen labari a gefe, na zo mu tattauna a kan wani ɗan mitsitsin abu da ya shigo mana gidaje ba sallama, ya kuma zauna daram a kunnuwanmu. Ina nufin abin sauraren nan da muke ce wa iyafis. Kada wata ta ce, "Haba, duk matsalolin da suka dami mata a rasa abin rubutu sai wannan?" Ki dai yi haƙuri ki biyo ni a hankali, kafin mu kai ƙarshe za ki ga zumunci a ciki, za ki ga soyayya, za ki ga har da maganar tsira da rai.

Wani musu ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakanin 'yanmata, a gidan biki ne, a hanyar makaranta ne, ko wajen kitso: wai tsakanin mai igiya da marar igiya wanne ya fi? Na ce igiya ban ce waya ba don kada mu rikice, tunda ita kanta salular waya muke kiranta. Wasu sun ce mai igiya ya zama na 'yan ƙauye, duk wadda ta waye sai dai a ga ɗan farin abu maƙale a kunnenta kamar ɗan kunne. Wasu kuma sun ce marar igiya ɓarnar kuɗi ne kawai, yau ki saya gobe ɗaya ya faɗa rariya. Kowane ɓangare da tasa gaskiyar, zan kuma kawo su dalla-dalla. Amma ni tambayar da ta fi damuna ita ce: in kina cikin sauraren abu, 'yar'uwarki ta matso ta ce, "Ba ni kunne ɗaya," za ki iya miƙa mata?

Ni 'yar Tsiga ce, cikin ƙaramar hukumar Bakori, ƙasar masara da dawa da auduga da waken suya. A irin garuruwanmu, tun asali saurare abu ne na taro. Tatsuniya a tsakar gida ake yin ta, kowa ya ji. Rediyon maigida a zaure take, maza sun zagaye ta a kan tabarma suna jin gidan rediyon Kaduna da aka buɗe tun 1962, ko Sashen Hausa na BBC da ya fara magana tun 1957, in an gama labarai a kashe a shiga sharhi. A cikin gida ma haka, in kaka ta yi mata sun taru ɓarar masara ko gyaɗa, sai a girke rediyo ɗaya a tsakiya, in aka zo zaɓi sonka aka ambaci sunan wani da aka sani sai shewa ta tashi.

Hatta littafi, da ake ganin na mutum ɗaya ne da idonsa, mu a nan da kunne aka fi cin moriyarsa. Wata gwaggona da ta yi 'yanmatancinta a shekarun 1990 ta ba ni labarin lokacin da Allura Cikin Ruwa na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya fito a 1994. Ta ce kwafi ɗaya tal suke samu, shi ma na haya. Wadda ta fi iya karatu ita za ta riƙe littafin tana karantawa da ƙarfi, saura suna kitso ko ɗinkin hula suna saurare, har da waɗanda ba su taɓa shiga ajin boko ba. In an kai wurin kuka a yi kuka tare, in an kai wurin haushi a tsaya a yi ta musu, wata ta ce ga mai laifi, wata ta ce a'a. Ta ce da ni, "'Yar nan, musun ma ya fi karatun daɗi."

Mu kuma zamaninmu na waya ne. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali suka iso karkara, har ya zamana lokacin da nake ƙaramar sakandare yayata tana da 'yar wayarta mai ɗaukar memori. Sai ta bayar a kai shagon masu turi a cika mata da waƙoƙi da littattafan da aka karanta a murya. Iyafis ɗinta ɗaya ne, mai igiya, baƙi, an ɗaure wuyansa da zare saboda ya fara karyewa. Da dare in mun gama wanke-wanke sai mu kwanta a katifa ɗaya, ita ta ɗauki na dama ni na ɗauki na hagu. Wadda ta taɓa yi ta san yadda abin yake: igiyar gajeriya ce, dole kai ya jingina da kai. In ɗaya ta ƙyalƙyale da dariya sai na ɗayar ya fice, a yi ta lalube a cikin duhu. In kuwa mun yi faɗa da rana, ba wadda ke ba wata haƙuri da baki, sai dai na ji ta ce, "Ke, za ki zo ki karɓi kunnenki ko in fara?" Shi ke nan an shirya. Kuma duk daɗin labarin, kowaccenmu tana da kunne ɗaya a buɗe, ko tari Inna ta yi a ɗakinta sai mun ji.

Kada ku ɗauka talauci ne kaɗai ya koya wa mutane wannan rabo. A 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da 'yar rakodar kaset ta aljihu mai suna Walkman, wadda ita ce ta yayata yawo da abin saurare a kunne a faɗin duniya. Ko kun san ta farkon ramuka biyu aka yi mata na jona abin saurare? Shugaban kamfanin, Akio Morita, yana ganin rashin ladabi ne mutum ya toshe kunnensa shi kaɗai alhali ga wani zaune kusa da shi. Har wani maɓalli aka sa mata, in an danna sai kiɗan ya yi ƙasa, mutanen biyu su yi magana su ji juna ba tare da sun cire ba. Daga baya da aka ga masu saye sun fi son kowa ya ji nasa, sai aka daina sa waɗannan abubuwa. Ashe dai kunyar ci kai kaɗai ba a ƙasar Hausa kawai aka san ta ba, kasuwa ce ta zo ta kore ta.

To bari mu auna su biyun a kan sikeli, mu fara da mai igiya. Ba ya son caji, muddin wayar tana da rai shi ma yana da rai, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin da sai a yi kwanaki ba a ga wuta ba, sai an kai waya shagon masu caji an biya. Ga araha, kuɗin marar igiya guda ɗaya mai nagarta zai saya miki masu igiya da dama. Sautinsa ba ya makara, in kina kallon fim bakin ɗan wasa da maganarsa tare suke tafiya. Sannan akwai wani amfaninsa da 'yanmata da yawa ba su lura da shi ba: a wayoyi da yawa, ita wannan igiyar ita ce eriyar rediyon da ke cikin wayar. Shi ya sa in kin buɗe rediyon sai ta ce sai kin jona iyafis tukuna. Rediyon waya dai tashoshin FM kawai take kamawa, masu gajeren zango sai rediyon Baba, amma ba ta cin data, ba ta kuma neman sabis.

Mun ga amfanin wannan da idonmu. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, sai a watan Disamba aka fara dawo da su. Wata uku ke nan ba kira, ba saƙo, ba WhatsApp. Manyan wayoyin da ake taƙama da su suka koma fitila da madubi. A lokacin, tsohuwar igiyar nan da aka jefar a ƙasan akwati ita aka koma nema, a jona, a ɗaga ta sama wajen taga, a yi ta juyawa har wata tasha ta kamu, sannan a saki sautin a sifika kowa ya ji halin da duniya take ciki. Tun daga nan ban ƙara yarda a raina mai igiya a gabana ba.

Amma shi ma yana da nasa aibin. Ga saurin tsinkewa daga wuya, ga cukurkuɗewa a cikin jaka kamar zaren saƙa. In kina aiki sai ya maƙale a ƙofa ko a hannun tukunya ya fizgo wayar, wata ma a cikin bahon wanki tata ta faɗa. Sannan tun daga 2016, da kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba ramin iyafis, wasu kamfanonin suka bi sahu, musamman a manyan wayoyi masu tsada. In taki irin wannan ce, sai kin nemi 'yar mahaɗa da za ta shiga ramin caji, ko ki sayi iyafis mai irin wannan bakin. Don haka kafin ki ba da kuɗinki, ki juya wayarki ki duba gindinta da samanta.

Marar igiya kuwa da Bluetooth yake aiki. Wata 'yar ƙaramar rediyo ce a cikin wayar take aika sauti ta iska zuwa wata 'yar'uwarta da ke cikin abin kunnen, nisan da bai wuce kamar mita 10 ba, katanga kuma tana rage shi. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne suka fara aikinsa a 1994, aka sa masa laƙabin wani sarkin Denmak mai suna Harald da ya yi zamani fiye da shekara dubu da suka wuce, wanda ya haɗa kan mutanen ƙasarsa, don shi ma wannan haɗa na'urori yake yi. Gaskiya ga mace mai aikin gida akwai daɗi. Ki ajiye wayar a kan taga, ki yi shara, ki yi daka, ki tuƙa tuwo, hannuwanki a sake, labarinki yana tafiya. Ba abin da zai fizge, ba abin da zai tsinke.

Sai dai kowane ɗan kunne da ɗan batirinsa, gidansu ma da nasa, kin ga bakunan da ke neman caji sun ƙaru ke nan. 'Yan awoyi yake yi ya mutu, kuma irin wannan batir ƙarfinsa raguwa yake yi da tsufa, ba a cika iya canza shi ba, in ya gaji sai shara. In ɗaya ya ɓace a cikin buhun masara, sai ki yi ta jinyar ɗaya. Na jabu kuma sun cika kasuwa, kwali mai kyau, suna irin na manyan kamfanoni, sati biyu ɗaya ya kurumce. Araha dai ba ta ado. Wasu kuma sautinsu yana makara, sai ki ga bakin ɗan wasa ya gama motsi sannan maganar ta iso.

Yanzu mu zo kan rabo. Da mai igiya hanya biyu ce: ko kowa kunne ɗaya, ko ki sayi 'yar mahaɗa mai baki biyu ki jona iyafis biyu a waya ɗaya, ba ta da tsada, ba ta son caji. Da marar igiya ma za ki iya miƙa ɗaya, har ya fi sauƙi ta wani fannin, don ke kina madafa ita tana bakin rijiya kuna jin abu guda, sai dai a wasu masu araha ɗayan daga ɗan'uwansa yake karɓar sauti, in kun yi nisa da juna sai ya riƙa yankewa. Jona cikakkun marasa igiya biyu a waya ɗaya kuwa ba kowace waya ke iyawa ba. Samsung ya sa wannan a manyan wayoyinsa tun daga 2017, Apple ya sa nasa a 2019 amma sai da irin abin kunnen kamfaninsa. A 2022 kuma aka sanar da wani sabon tsari mai suna Auracast, wanda waya ɗaya za ta zama kamar 'yar tashar rediyo, duk wanda ke kusa ya kama, amma sai wayar da abin kunnen duk an ƙera su da shi.

Ga wata 'yar dabara ga masu raba kunne. Yawancin waƙoƙi da finafinai an raba sautinsu gida biyu, wani kiɗan ta dama yake fita wani ta hagu, shi ya sa wani lokaci ke ki ji ganga ita ta ji sarewa. In kin shiga saitin wayarki, a ɓangaren da aka tanada don masu larurar ji da gani, akwai wurin da aka rubuta Mono. Ki kunna shi, sai sautin ya haɗe, kowane kunne ya sami cikakken rabonsa.

Kun ga ke nan ta fuskar na'ura duka biyun suna rabuwa. Inda bambancin yake shi ne wajen ɓuya. Mai igiya ba ya ɓuya, ko hijabi kika sa sai an hango igiyar ta sauko, Inna ta san kunnenki ba ya tare da ita, ƙanwarki ta san akwai abin da za ta roƙa. Marar igiya kuwa da kin ja hijabi ko kin sauko da ɗankwali shi ke nan ya ɓace. Kina zaune a tsakiyar 'yan'uwanki, wani can a wani gari yana zuba miki magana a cikin kunne, ba wanda ya sani. A da, saurayi a ƙofar gida yake tsayawa, ya aiko yaro ya yi sallama, a fita da ƙanwa 'yar rakiya, duk unguwa ta ga fuskarsa ta san ɗan gidan wane ne. Yau zance ya koma cikin kunne, ba sallama ba 'yar rakiya.

A gidanmu abin ya faru, shi ya sa nake faɗa da ƙarfin gwiwa. Autarmu tana aji biyar na sakandare wani mai zuwa sayen hatsi da kaka ya aiko mata da marar igiya ta hannun ƙawarta. Ba a yi wata guda ba yarinya ta canza. Inna ta yi kira sau uku ba amsa, miya ta kama a kan wuta tana tsaye a gabanta, ga murmushi ita kaɗai, ga motsa baki ba a jin abin da take faɗa. Har Inna ta fara zancen ko iska ce ta taɓa ta, a nemo mai magani. Ni dai na lura da hannunta da ke yawan kaiwa gefen kunne. Da dare na shiga ɗakin na zauna a bakin katifarta.

Na ce, "Auta, ba ni kunne ɗaya mana, ni ma in ji abin da ke sa ki dariya."

Ta ce, "Yaya, ba caji."

Na ce, "Ikon Allah, ga shi kuwa yana ta ƙyafta wuta."

Sai ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Yaya, don Allah kada ki gaya wa Inna. Cewa ya yi kada kowa ya sani sai ya shirya."

Ban ƙwace ba, ban kuma ɗaga murya ba. Na ce da ita, "Ba zan saurari sirrinki dole ba. Amma ki gwada shi da abu ɗaya. Ki ce masa Yayarki ta sani, kuma ya zo ya gaida Baba a zaure ranar Juma'a. Mai son aure murna zai yi." Ta faɗa masa. Juma'ar farko ya ce mota ta lalace, ta biyu ya ce sai an gama kwashe amfanin gona, kafin ta uku lambar ta daina shiga. Ta yi kukanta na kwana biyu, na rarrashe ta, ta koma kan karatunta. Ba mu san abin da ya ƙulla a ransa ba, ba kuma za mu ɗauki alhakinsa ba, amma mun san mutumin da ke gudun zaure ba miji ba ne.

Kada ku fahimce ni a baibai, 'yan'uwa. Ban ce budurwa ba ta da sirri ba, ban kuma ce kalaman da wanda aka sa muku rana yake faɗa miki sai an yi shelarsu a tsakar gida ba. Kunya daban, tsoro daban. In an ce ba ni kunne ɗaya kika rufe fuska kina dariya kina cewa, "Kai Yaya, wane ne fa," wannan kunya ce, ado ce ga 'ya mace, don an san shi an san da zamansa. In kuwa gabanki ya faɗi, hannunki ya hau rawa, kika fara neman ƙaryar da za ki yi, to ki tsaya ki tambayi kanki dalili. Haka abin yake ga waƙa, ga fim, ga saƙon murya da ake turawa a zaurukan waya. Duk abin da ba ki da ko mutum ɗaya a cikin masu ƙaunarki da za ki iya miƙa wa kunne ɗaya ya ji, da wuya ya zama alheri gare ki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi. Mu mutanen wannan yanki ba sai an gaya mana halin da dare yake ciki ba. A watan Fabrairu na 2025 'yan bindiga suka shigo Tsiga cikin dare suka tafi da mutane, ciki har da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, sai a watan Afrilu ya kuɓuta. A irin wannan wuri, haushin kare, ƙarar babur daga nesa, ko bugun katangar maƙwabci, duk saƙo ne. Wasu marasa igiya masu tsada har da wata fasaha gare su ta kashe hayaniyar waje gaba ɗaya, an yi ta ne don masu hawa jirgin sama da masu aiki a cikin surutu. Mu kuwa hayaniyar wajen ita muke buƙatar ji. Shi ya sa Baba ya kafa doka a gidanmu, daga sallar isha'i ba mai toshe kunne biyu. Ko ba wannan ba, ga kukan jariri, ga gobara lokacin hunturu, ga tirelolin titin Funtuwa zuwa Malumfashi ga 'yan makaranta masu tsallakawa. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Shi kansa kunnen yana da haƙƙi a kanmu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa kimanin biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraren sauti mai ƙarfi. A cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Shawarar hukumar ita ce kada ƙarfin sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar wayar, a kuma riƙa hutar da kunne. In kin cire kika ji kunnenki yana yin "shuuu", ko wadda ke kusa da ke tana jin abin da kike ji alhali ba ki ba ta ba, to ya yi yawa. Mai igiya da marar igiya duk ɗaya suke a nan. Sannan rabo da tsabta yake tafiya: ki goge shi da tsumma mai tsabta kafin ki miƙa da bayan an dawo miki da shi, in kuma kunnen ɗayarku yana ciwo ko yana ruwa, a haƙura da rabon a saki a sifika, a kuma je asibiti. Kada ki kwana da shi a kunne, kada kuma ki sa mai igiya alhali wayar tana jone da wuta.

Amare, ku ma ban manta da ku ba. Sau nawa ake shiga ɗakin amarya a tarar ango ya juya gabas da nasa a kunne, amarya ta juya yamma da nata, kowa yana dariya da wayarsa, ba a fi wata uku da kai ta ba? In ya dawo ya ci abinci ya huta, ki matsa ki ce, "Maigida, ga wani labari nan, karɓi kunne ɗaya mu ji tare." Ko cikin labaran gasar Hikayata ne da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta, ko wani littafin da kike so, ko karatu. In an gama ki tambaye shi, shi da shi ne da yaya zai yi? A nan za ki san halin mijinki fiye da yadda za ki sani a zancen shekara guda. Ni da nake rubuta littafi, wallahi na fi son in ji an ce mutum biyu sun saurari labarina da iyafis ɗaya har sun yi musu a kansa, a kan a ce mutum goma sun ji kowa a ƙuryar ɗakinsa ya yi shiru.

To wanne za ki saya? In 'yar makaranta ce ke, kuɗinki kaɗan ne, wuta kuma ba ta zama a garinku, ki riƙe mai igiyarki ba tare da jin kunyar kowa ba, wayewa ba a kunne take ba. In aikin gida ya yi miki yawa, ko wayarki ba ta da rami, kuma kina da halin saye, ki nemi marar igiya na gaske a shagon da za ki iya mayarwa in ya ba da matsala, amma ki ajiye mai igiya ɗaya a gida saboda ranar da za a nemi rediyo. Kowanne dai kika ɗauka, ki tuna guda biyu aka yi shi. Ki bar kunne ɗaya ga gidanku, ki kuma zama mai iya miƙa ɗayan abin ga yayarki, ko ƙanwarki, ko mahaifiyarki, ba tare da gabanki ya faɗi ba.

Allah ya tsare mana kunnuwanmu da mutuncinmu, ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, ya ba 'yanmatanmu mazaje masu shigowa ta zaure. Ina jiran wasiƙunku, ku gaya mini wanne kuke amfani da shi, kuma da wa kuke rabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.